Zagin Teku

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ya san zagi. Shi ne a gaban dokin sarki, yana tafe yana taƙama, amma ba shi ke zaɓen hanya ba. Shi nake tunawa duk sa'ad da na ga hoton wani ɗan kifin teku mai ratsin baƙi biyar zuwa bakwai a jiki, yana iyo daf da hancin kifin shak, ko gezau.

Matuƙan jiragen ruwa na dā sun ɗauka jagora yake yi: shi ke nuna wa shak inda nama yake, shi ke raka jirgi har gaɓa. Masana ma sun hau wannan zance. Sunansa na kimiyya Naucrates ductor. Kalmar farko Girkanci ce, mai mulkin jirgi, ta biyu Latin, jagora. Sarauta biyu ke nan a kan kifin da da kyar yake kai santimita 70. Gaskiyar magana cin arziki yake yi. Ya tsinci ragowar abin da shak ya yaga, ya cire masa ƙwarin da ke manne a fata, kamar yadda carki ke yi wa saniya, sannan ya fake a inuwar wanda babu mai tunkararsa.

Inda ya fi ba ni sha'awa shi ne wahalar da ya ba masu rarrabe halittu. A 1758 Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya sa shi a jinsin Gasterosteus, cikin wasu ƙananan kifaye masu ƙaya a baya. Ba danginsa ba ne. Sai a 1810 Rafinesque, yana zaune a tsibirin Sisili, ya ware masa jinsin Naucrates, kuma har yau shi kaɗai ne a ciki. Ba a gama ba. 'Ya'yansa na da ƙayoyi a murfin kunne, waɗanda ke ɓacewa idan sun girma, kuma ba shak suke bi ba, ƙarƙashin ciyawar teku da wasu halittu masu jiki kamar kamu suke laɓewa. Da masana suka kamo su sai suka ce wani kifi ne dabam, har da raɗa masa suna Nauclerus. An daɗe kafin a gane ɗa da uba ne.

Yanzu yana cikin iyalin Carangidae. Wannan suna ya yi wa baki nauyi, na sani, amma uwargida ta san wani ɗan gidan: kifin ƙanƙarar da 'yan kasuwa ke kira kote. In kin saye shi gobe, 'yar'uwa, ki sani ɗan'uwan zagin shak kika jefa a miya.