Idan Mai Gida Ya Ƙara Kuɗin Haya: Faɗakarwa Ga Tsofaffi Da Naƙasassu A Yawunde

A Briqueterie da Etoudi, da sauran unguwannin Yawunde da Hausawa suka yi kaka-gida, ƙarin kuɗin haya da baki yake zuwa. Mai gida ko yaronsa zai tsaya a bakin ƙofa bayan magariba, a gaisa, sannan ya ce, "Baba, kai ma ka ga halin da ake ciki. Daga wata mai kamawa ɗakin ya tashi daga 20,000 ya koma 25,000." Sau da yawa yana da hujja. Litar fetur da ake saya sefa 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024, komai kuma ya bi ta.

Matashi mai haya da babur zai ƙara awa biyu a kan titi ya cike giɓin. Telan da idonsa ya daina ganin kafar allura fa? Ko tsohuwar da ke tuyar ƙosai a ƙofar gida, ko gurgun da ke gyaran takalma a gindin masallaci? Fanshon tsufa na asusun ma'aikata na ƙasa, CNPS, sai wanda ya kai shekara 60 kuma aka zuba masa kuɗi na wata 180. Mahauta da teloli da 'yan tireda da yawa ba su taɓa shiga wannan rajista ba.

Wasu biranen sun yi wa matsalar tanadi na musamman. A New York ta Amurka, tun 1970 akwai shirin SCRIE na masu shekara 62 zuwa sama, a 2005 aka ƙara DRIE na naƙasassu. Wanda ke zaune a gidan da hukuma ke kayyade hayarsa, abin da gidansa ke samu bai wuce iyakar da aka kayyade ba (a 2014 aka mai da ita dala 50,000 a shekara), haya kuma tana cin fiye da sulusinsa, sai a tsayar masa da hayar a inda take. Mai gida ba ya asara, domin ana cire masa ƙarin daga harajin gida. A Yawunde taimakon a warwatse yake, ƙofa-ƙofa, kuma kowace ƙofa da takarda ake buɗe ta.

Takarda ta farko ita ce yarjejeniyar haya. Kamaru tana da doka kan hayar gidajen zama, mai lamba 2014/023 ta 24 ga Disamba 2014. Abin da aka yi yarjejeniya a kai yana ɗaure ɓangarorin biyu, ɗaya ba ya sauya shi shi kaɗai kafin wa'adi ya cika. Amma in babu rubutu, da me za a kafa hujja? Mu mun saba da "ai mun yarda da juna", alhali mai gidan da aka yarda da shi zai rasu, magadansa kuwa ba su san zancen ba. A rubuta kuɗin, da wa'adin, da lokacin da za a iya sake duba farashi. Duk wata a karɓi rasit, ko a littafin makaranta ne mai gida ya sa hannu. Wanda ba ya gani ko ba ya karanta Faransanci, ya nemi amintacce ya karanta masa kafin ya dangwala yatsa.

Kuskuren da ya fi cutarwa shi ne mutum ya yi fushi ya daina biya ɗungurungum. Kundin hukunta laifuka na 12 ga Yuli 2016, a sashe na 322-1, ya mai da wannan laifi. Ɗan hayar da yarjejeniyarsa ke da rajista, in ana bin sa wata biyu, aka kawo masa takardar gargaɗi, wata guda ya wuce bai biya ba bai tashi ba, zai iya fuskantar ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, ko tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko duka biyun. Don haka ko kana jayayya da ƙarin, ci gaba da biyan tsohon kuɗin, ka riƙe shaida. Shi ma mai gida doka ba ta ba shi damar cire ƙofa ko watso kaya waje da hannunsa ba. Tayar da ɗan haya sai da hukuncin kotu, ma'aikacin shari'a da ake kira huissier ne ke zartar da shi.

Takarda ta biyu ta naƙasassu ce: katin naƙasa na ƙasa, wanda ake nema ta ofisoshin ma'aikatar jin daɗin jama'a, MINAS, bayan likita ya tabbatar da girman naƙasar. Dokar 13 ga Afrilu 2010 mai kare naƙasassu, da dokar zartar da ita ta 26 ga Yuli 2018, sun tanadi fifiko gare su wajen karatu da sufuri da gidajen gwamnati masu sauƙin kuɗi. Gidajen nan ba su wadatar ba, gaskiya ne, sai dai marar kati ko layin ba zai shiga ba. A fara da cibiyar jin daɗin jama'a ta gunduma: Briqueterie tana Yawunde ta 2, Etoudi tana Yawunde ta 1. Can ne kuma tsohon da ba shi da mai taimako zai kai kukansa a rubuta. In magana ta kai kotu, dokar 14 ga Afrilu 2009 ta ba marar galihu damar neman a ɗauke masa kuɗin shari'a.

Saura abin da ke hannunmu. Masu gidajen nan da yawa su ma dattawa ne, da hayar ɗaki uku ko huɗu suke ci. Shi ya sa sulhu a gaban mai unguwa ko liman ya fi kotu sauri da rahusa: a raba ƙarin gida biyu, ko a ɗaga shi zuwa bayan salla, a rubuta a sa hannu. Dabarar New York kuma ba ta fi ƙarfin masallaci ba, wato a biya ƙarin kaɗai. Tsohon da aka ƙara wa 5,000 a wata, sefa 60,000 ce za ta zaunar da shi a ɗakinsa shekara guda, kusa da maƙwabtan da ke leƙa shi in bai fito asuba ba. Attajiri ɗaya zai iya ɗauke wa mutum goma wannan daga zakkarsa. Kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin mahauta da na teloli su rubuta sunayen irin waɗannan bayin Allah a asirce, su miƙa kuɗin ga mai gida kai tsaye, su karɓi rasit.

Ku kuma 'ya'ya da jikoki, a wannan makon ku tambayi tsofaffinku: ina takardar haya, ina rasit, an yi katin? Abin da babu a nema tun mai gida bai zo da sabon farashi ba. Allah ya rufa mana asiri.