Ɗaɗɗoya da Danginta: Abin da Su Ke Iyawa da Sauro

A duwatsun Maroko da Sifen da kudancin ƙasar Makka akwai wani ɗan tsiro mai ƙanshi, Turawa na ce da shi labanda. Bakin ganyensa tsaga-tsaga ne kamar haƙoran zarto, don haka masana su ka sa masa suna Lavandula dentata, watau mai haƙora. Ba ya fitowa a dajin Daura, amma danginsa na nan bayan gidajenmu: ɗaɗɗoya, da bunsurun fadama, da sarakuwar sauro.

Ga yadda za ku gane su. Ku murza karan tsakanin yatsu, za ku ji kusurwa huɗu gare shi. Ganyen biyu-biyu su ke fitowa, suna fuskantar juna, bakinsu da ƴan haƙora. Furen ɗaɗɗoya da na bunsurun fadama a zangarniya ya ke, na sarakuwar sauro kuwa fari ne, ya kan yi curi-curi ya kewaye gaɓar kara. Ƙanshin daga wani mai ya ke fitowa, wanda ke cikin ƙananan ƙwayoyi a jikin ganye. Shi ne ƙwari ba su so. Shi ya sa manoma kan sa bunsurun fadama cikin rumbun wake.

Wanda ya raɗa wa sarakuwar sauro suna ya iya magana, gama sauro na kauce mata kamar mai jin kunyar suruka. Amma fa kunyar ba ta daɗewa. Turaren da a ka yi da magariba, kafin a yi nisa da barci ya baje. Sauron da ke kawo zazzaɓi kuwa da tsakar dare ya fi cizo, har zuwa asuba. To, ku yi turaren a tsakar gida lokacin hira, kada a rufe ɗaki da hayaƙi alhali da jariri ciki, don yana ɓata ƙirji. In an zo kwanciya, kowa ya shiga gidan sauro mai magani, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma.

Ruwan ɗaɗɗoya ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Tun 2013 a ka fara ba yara maganin rigakafi na damina a Jihar Katsina, daga ɗan wata 3 zuwa wanda bai cika shekara 5 ba, wata-wata. In masu rabo sun yi sallama, daga Baure har Mai'adua, a fito da yara, a kuma ƙarasa ba su na sauran kwana 2 a gida. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi asibiti ran nan a auna jininsa, kada a jira sai ya fara taune-taune.