Madarumfa: Yadda yunwar ƙuruciya ke iya komawa teɓa a girma

An fi sanin Madarumfa, da ke kudu da birnin Maraɗi kusa da iyakar Najeriya, da tafkinta da kuma yaƙi da tamowa. A lokacin matsalar abinci ta 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara a jihar Maraɗi. Yaran da suka tsira a wancan lokaci yanzu sun haura shekara 20, wasu suna Maraɗi da Yamai, wasu Kano, wasu kuma sun tafi ci-rani. Su ne ya fi kamata su san abin da masana suka gano game da ƙiba.

A 1992 masu bincike biyu na Birtaniya, Nicholas Hales da David Barker, suka bayyana cewa jikin da ya rasa abinci tun yana ciki ko yana jariri yakan saba da tattali. Idan daga baya ya samu wadatar mai da sukari, haɗarin ciwon suga da na zuciya ya fi yawa a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da teɓa.

Sinadaran yunwa da ƙoshi

Jin yunwa aikin sinadarai ne da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Girelin, wanda aka gano a Japan a 1999, daga ciki yake fitowa, kuma yakan ƙaru gab da lokacin cin abinci. Leftin kuwa, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1994, kitsen jiki ne ke samar da shi domin sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya.

Mai teɓa yana da leftin da yawa a jini, sai dai ƙwaƙwalwarsa ta daina jin saƙon yadda ya kamata, don haka yakan ci ba tare da ya ji ya ƙoshi ba. Idan ya rage nauyi, leftin ya ragu, girelin ya ƙaru, yunwa ta dawo da ƙarfi. Shi ya sa masu horar da kansu da yunwa na mako biyu kan koma gidan jiya. Ƙarancin barci ma yana ƙara girelin, abin da ya shafi masu gadi, direbobi da masu kwana kan waya.

Tsatsa a jijiyoyin jini

Kitsen da ya taru a tumbi yana zuba maiƙo cikin jini ta hanta. Kitsen jini da ake kira tirigilisarayid ya hau, kolestarol mai amfani, wato HDL, ya sauka. Haka kuma jiki na samar da wasu ƙwayoyi masu lalata sassansa kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Idan suka fi ƙarfin garkuwar da jiki ke da ita, sai su ɓata kolestarol na LDL, ya manne a bangon jijiya, hanyar jini ta tsuke. Ƙarshenta bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, sau da yawa ba tare da wata alama tun farko ba.

Duk da haka, har yanzu ana kallon tumbi a matsayin shaidar arziƙi, wasu 'yan mata kuma na shan ƙwayoyin "sha ka fashe" kafin aure. Cikinsu akwai deksametazon, wanda ke tayar da sukarin jini, yana kuma tara kitse a fuska da ciki.

Abin da ke hannu

Abincin da ya fi dacewa yana yankin: gero, wake, kifin tafki da zogalen Jiratawa. Abin da ake so a rage shi ne lemon kwalba, shayi mai sukari da yawa da soye-soye. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Ƙugun da ya kai santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, dalili ne na zuwa asibiti a auna hawan jini, sukari da kitsen jini. Masu aiko da kuɗi gida daga waje na iya sanya kuɗin wannan awo cikin abin da suke tura wa iyaye.