Adireshin intanet na gidanka a Dokki: tsayayye ko mai sauyawa?

Idan ka kama haya a unguwar Dokki da ke Masar, ko don karatu a Jami'ar Alƙahira da ke nan kusa ko don kasuwanci, da wuya ka daɗe ba ka nemi intanet na gida ba. Masu sayar da shi su ne WE na kamfanin Telecom Egypt, da Orange, da Vodafone, da e&, wanda a da ake kira Etisalat. Wajen rajista za ka iya jin ana maganar "IP sabit", wato tsayayyen adireshi, wanda ake biya wa kuɗi daban. Kada ka yi saurin fitar da fam ɗinka.

Mene ne adireshin IP?

Lamba ce da kamfani ke ba rautarka, akwatin nan mai fitilu da ke raba Wi-Fi a gida. Da ita ne shafin da ka buɗe ke sanin inda zai aiko da amsa, kamar yadda mai kawo saƙo ke neman lambar gida. Tsayayye kullum yana nan yadda yake. Mai sauyawa kuwa aro ne: in ka kashe rauta ko layi ya yanke, ana iya ba ka wani.

Me ya sa ake aronsa?

Lambobin ba su isa ba. Tsohon tsarin, IPv4, yana da adireshi kusan biliyan 4.3 kacal, kuma a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba na ƙarshe da ke hannunta. Kason Afirka, har da Masar da Najeriya da Nijar, yana fitowa ta hukumar AFRINIC. Shi ya sa kamfanoni ke tattalin abin da suke da shi.

Wa ke buƙatar tsayayye?

A ganina, yawancin mutane ba sa buƙata. Kallon YouTube, kiran 'yan uwa a Kano ko Maraɗi ta WhatsApp, karatu ta Zoom, duk kai ne ke fita neman wani, amsa kuma za ta same ka ko wace lamba kake riƙe da ita.

Buƙata tana tasowa ne idan daga waje ake son shigowa wajenka. Misali ka sa kyamarorin tsaro a shago, kana son dubawa kai tsaye alhali ka tafi gida hutu, ko kuma wurin aikinka ba ya buɗe wa kowa sai adireshin da aka yi wa rajista. Ko a nan ma ka bincika tukuna, domin kyamarori da yawa na zamani ta manhajar kamfaninsu suke aiki. Akwai kuma DDNS, hidimar da ke ba gidanka suna guda, sunan yana bin lambar duk lokacin da ta sauya.

Amma DDNS ba ya aiki idan kamfani ya haɗa gidaje da yawa a kan adireshi ɗaya, dabarar da ake kira CGNAT. Gane hakan ba wuya. Shiga shafin rautarka, galibi 192.168.1.1, ka dubi lambar da ke ƙarƙashin WAN. In ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, to tarayya kake da wasu.

Nawa ne, me kuma zai ƙara maka?

Kuɗi ne a kan na ƙunshin datarka, farashin kuma ya danganta da kamfani. Ba ya ƙara sauri, ba ya ƙara gigabait ko ɗaya; in ƙunshin wata ya ƙare, ya ƙare. Sannan adireshin da ba ya motsi ya fi sauƙin samu ga masu kutse, don haka ka sauya kalmar sirrin rauta da ta kyamara tun ranar farko.

Wani abin da baƙo ke mantawa: intanet ɗin gida a Masar yawanci ta layin wayar tarho yake shigowa, layin kuma sau da yawa da sunan mai gida yake. Ka tambaye shi kafin ka tafi ofishin kamfani, don a hannun mai sunan ne izinin ƙara hidima yake.