Kiɗan jitar Abzinawa: hayaniya ce ko magana?

Tun da muka sa faifan Mdou Moctar mai suna Afrique Victime, ake ta muhawara a kansa. Wasu sun ce mu ƙara, wasu kuma sun ce wannan ai hayaniya ce kawai, kwaikwayon Turawa. To, ga bayani, kai ma sai ka yi naka hukuncin.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga jihar Tahoua ta Nijar. Gidansu ba su yarda da kiɗa ba, sai ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙin kuma suka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, kamar yadda kake karɓar waƙa a tasha. Afrique Victime ya fito a 2021, Funeral for Justice ya biyo baya a 2024.

Sukar farko ita ce ƙara ta yi yawa. Gaskiya akwai ƙara, amma ka san daga ina matsalar take? Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da murya mai kauri, sai ta bar maka tsinin jita kaɗai yana sukar kunne. Sa shi a rediyon mota in za ka Ngaoundéré ko Garoua-Boulaï, za ka ji ganga da babbar jita suna riƙe da kiɗan ta ƙasa, kamar takun raƙumi. Waƙar da aka sa wa faifan sunanta takan fara a hankali, sai ganga ta yi ta ƙara sauri har jita ta ɓarke. Wanda ya taɓa ganin sharo ya san haka ake ɗumama fili.

Suka ta biyu, wai kayan Turawa ne. Jitar lantarki dai daga waje ta zo, babu musu. To babur ɗin da kake hawa zuwa kasuwar shanu fa? Abin dubawa shi ne hannun da ke kaɗawa. Yadda yake maimaita gajeren zubi yana yi masa ado, mawaƙi ya bayar 'yan amshi su karɓa, haka mai garaya yake yi, haka mai molo yake yi a ruga. Tinariwen na Mali da Abdallah Oumbadougou na Nijar su suka share wannan hanya tun kafin shi.

Suka ta uku, ba a jin abin da yake faɗa. Yawanci da Tamashek yake waƙa, shi ya sa muke fassara muku ma'ana a shirin. Chismiten magana ce a kan hassada da kishi. Tala Tannam waƙar soyayya ce mai sanyi, babu ƙara ko kaɗan. Afrique Victime kuwa kuka ne a kan yadda ake kwashe arzikin Afirka ana barin 'ya'yanta hannu rabbana. Mutumin ƙasar da ake haƙar yuraniyom a Arlit, alhali ƙauyuka da yawa ba su da wuta, in ya ɗaga murya ba za ka ce ya yi rashin kunya ba. Kai da ka ga 'yan gudun hijirar Afirka ta Tsakiya sun shigo Mbéré, wasu ba ko saniya ɗaya, ka san irin wannan zafin.

Akwai inda masu suka suke da gaskiya, kuma dole a faɗa. Batun hukuncin kiɗa na malamai ne, ba na gidan rediyo ba. Kuma ba daidai ba ne yaro ya ƙure lasifika lokacin salla, ko da dare kusa da garke da maƙwabta. Wannan laifin mai kunnawa ne.

Abin da muke roƙo ɗaya ne: kada ka yanke hukunci daga minti ɗaya a waya. Saurari faifan daga farko har ƙarshe, sannan ka aiko mana da ra'ayinka, ko yabo ko suka, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.