Wa'azin Wusasa Da Matan Da Ke Kai Shi Gida

Yau za mu leƙa wurin maƙwabtanmu Kirista, mu ga yadda wa'azi ke tashi daga bakin mutum ɗaya ran Lahadi ya shiga gidaje da yawa kafin mako ya zagayo.

In kin taɓa zuwa Zariya, watakila kin ji sunan Wusasa. A can akwai wata tsohuwar majami'a mai suna St. Bartholomew, ginin ƙasa irin namu na Hausawa, mai kaurin bango, ga sanyi a ciki ko da bazara. Likita Miller na mishan ɗin C.M.S. ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905. A 1929 mishan ta koma Wusasa, aka kafa majami'a da makaranta da asibiti. Shi Miller ɗin ne ya shugabanci aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi a 1932. A garin ne kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa Yohanna mai bishara ne.

To, me littafin nan ya sake? Ya sa an sami abin karantawa a gaban jama'a da harshen da tsohuwa ke ji. Akan fara karatu daga Tsohon Alkawari, da wasiƙun manzanni, da Bishara, sa'an nan mai wa'azi ya ɗauki aya ɗaya ko biyu ya warware su da misalin gona, ko kasuwa, ko zaman aure. Wanda ya iya ba ya ja da tsawo. Wanda bai iya ba kuwa, sai ki ga mai goyo ta fice da sunan lallashin yaro!

Ku na ƙasar Yawuri, wannan Hausar ta iso har wajenku. Mishan ɗin U.M.S., wadda ta haifi ikilisiyar U.M.C.A., ta yi aiki a Salka da Zuru da Yelwa, cikin Kambari da Dakarkari da Dukawa, waɗanda kowa da harshensa. Hausa ce ta haɗa su a benci guda. A ƙauye, inda wasu ba su ji sosai, tafinta kan tsaya gefen mai wa'azi yana juyawa jimla jimla.

Amma fa rabin aikin na mata ne. 'Yan Zumuntar Mata kan taru a tsakiyar mako, su maimaita ayar da aka karanta, wadda ta gane ta fayyace wa wadda ba ta gane ba. Sau da yawa sukan mai da ita waƙa, suna buga tulu, ɗaya na bayarwa saura na amshi. Wadda ba ta san ko bihim ba sai ki ji ayar ta zauna mata daram a ka. Daga nan su bi gidan mai jego, da marar lafiya, da wadda aka yi wa rasuwa, da ɗan ƙwaryar hatsi ko sabulu, su ba ta labarin abin da aka faɗa.

Abin da ke damuna shi ne, a birane wa'azin Turanci sai ƙaruwa yake, 'yan mata da yawa kuma suna karanta Turanci gar gar, in aka miƙa musu littafin Hausa sai in'ina. Kaka na zaune, ido ya yi rauni, jikarta na aji uku a sakandare, amma babu mai karanta mata.

Ke 'yar makaranta, ki sami ɗan littafin rubutu na musamman. Ki rubuta sura da aya, da maganganu biyu ko uku da suka shige ki, da Hausa. Bayan an ci tuwon dare ki karanta wa Kaka a hankali, inda kika yi tuntuɓe ita za ta gyara miki.