Sana'ar Ƙunshin Haɗa-da-kanka na Lantarki: Inda Ya Kamata Ƙaramin Jari Ya Fara Shiga

Daga Sashen Kasuwanci da Tattalin Arziki

LEGAS — Duk wanda ya ratsa layin masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin a kasuwar Alaba da ke Ojo a nan Legas, ko takwarorinta na Anacha da Aba da Sabon Garin Kano, da wuya ya rasa ganin ɗalibi riƙe da 'yar takarda yana bin rumfa-rumfa, yana neman rezista nan, taransista can, aisi a wani layin. Sau da yawa yakan ɓata yini guda, ya koma gida da kayan da ba su cika ba, ko kuma waɗanda suka cika amma suka ƙi aiki. Wannan wahala da ɗalibin ke sha ita ce ƙofar sana'ar da za mu yi bayani a kanta, wato sana'ar ƙunshin haɗa-da-kanka.

Abin nufi da wannan ƙunshi shi ne a tattara dukkan ƙananan sassan da ake buƙata don ƙera wata na'ura, kamar fitilar caji ko ƙaramar amfilifaya ko ƙararrawar ƙofa, a haɗa su da fanel ɗin da za a dasa su a kai da takardar bayani, a sayar wa mai son ya haɗa da hannunsa. Sana'a ce da za a iya farawa a kan tebur guda a ɗaki. To amma ƙanƙantar jarinta shi ke sa kuskure ɗaya ya kan durƙusar da ita, don haka wajibi ne mai niyya ya san abin da zai fara saye da abin da zai jinkirta.

Darasi daga tarihi

Sana'ar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1947 kamfanin Heath na garin Benton Harbor a Amurka ya fito da ƙunshinsa na farko na lantarki, wanda osiloskop ne, wato na'urar da ke nuna siffar igiyar lantarki a kan gilashi, a kan dala 39.50. An haɗa shi ne da rarar kayan da suka yi saura bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Ingila ma, a 1981, kamfanin Sinclair ya sayar da kwamfutarsa ZX81 a kan fam 49.95 ga mai son haɗawa da kansa, da fam 69.95 ga mai son haɗaɗɗiya. A wancan zamani ladan ma'aikacin da ke haɗawa babban kaso ne na farashi, saboda haka wanda ya haɗa da kansa ya sami rangwame na gaske.

Da injuna suka karɓi aikin dasa sassa a masana'antun Asiya, sai lissafin ya juye: haɗaɗɗiyar na'ura ta koma ta fi ƙunshinta araha. A 1992 kamfanin Heath ya daina yin ƙunshin. Sana'ar ta sake farfaɗowa ne ta wata fuska, bayan fitowar allon Arduino a garin Ivrea na Italiya a 2005 da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi a 2012, inda masu saye suka zama ɗalibai da malamai da masu sha'awar ƙere-ƙere.

Darasin a bayyane yake. Ɗan Nijeriya da ya shiga wannan sana'a ba zai iya gasar araha da fitilar da aka ƙero a ƙasar Sin ba. Abin da zai sayar shi ne ilimi da tabbaci, wato ƙunshin da zai yi aiki idan an bi bayaninsa, da mutumin da za a iya tambaya idan an kakare. Masu buƙatar haka kuwa suna nan: ɗaliban kwalejojin fasaha da jami'o'i masu aikin kammala karatu, makarantun sakandare waɗanda tun shigowar tsarin 6-3-3-4 a 1982 ake koyar da darasin fasaha a cikinsu, da kuma yaran masu gyaran waya da na sola.

Matsala ta farko: jabun kaya

Babban abin da ke rushe tabbacin nan shi ne jabun sassa. Matsalar ba ta ƙananan kasuwanni kaɗai ba ce. A 2012 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka mai kula da harkokin soja ya ba da rahoton cewa ya gano lokuta kusan 1,800 da sassan lantarki da ake zargin jabu ne, fiye da miliyan guda, suka shiga hanyar sayen kayan soja. Idan haka ta faru ga masu ɗakunan gwaji na zamani, ina ga mai sayen taransista ɗari a leda?

Misali mafi kusa shi ne batirin litiyam samfurin 18650 da ake sa wa fitilun caji. Na gaskiya bai cika wuce ƙarfin 3,500 mAh ba, amma ga su nan a kasuwa an rubuta musu 9,900. Haka kuma akan goge lambar aisi a buga wata, ko a sayar da kafasita wadda aka ciro daga tsohuwar na'ura a matsayin sabuwa. Mai sana'ar da ya ƙulla ƙunshi hamsin da irin waɗannan kaya ya kai wata makaranta, ba kuɗin kaya kaɗai zai yi asara ba, har da sunansa, kuma malamai suna jin labarin juna. Saboda haka kayan awo ba ado ba ne a wannan sana'a, su ne ke tsaron jari.

Jerin abin da za a saya

Na farko shi ne maltimita, wadda masu gyara ke kira mita. Ita ke auna ƙarfin wuta da gudunta da juriyar rezista, ta kuma nuna inda waya ta tsinke. Ƙananan mitoci samfurin DT830 da suka cika kasuwa suna isar mai koyo a aikin batir, amma suna da aibi da ya kamata a sani. Juriyar shigarsu miliyan ɗaya ce ta om, alhali mita mai kyau tana da miliyan goma, don haka sukan janye wuta daga da'irar da ake aunawa su ba da adadin da ba daidai ba. Idan batirinsu ya yi sanyi sukan nuna adadi sama da na gaskiya. Da yawansu kuma ba su da fis a ramin amfiya 10. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma kuskuren jona irin wannan mita a soket tana kan awon amfiya kan iya jawo ƙuna. Mai sana'a ya nemi mita mai fis a dukkan ramuka, mai alamar kariya ta CAT II ko CAT III daga kamfanin da aka san shi. Ya fi kyau ya mallaki mita biyu, domin ranar da suka saɓa wa juna zai gane ɗaya na ƙarya. 'Yan rezistoci masu kuskuren kashi 1 cikin 100 sun isa a riƙa gwada su lokaci-lokaci.

Na biyu shi ne ayan na narka dalma mai saita zafi. Dalmar da aka gauraya kuza kashi 63 da darma kashi 37 tana narkewa a digiri 183 na ma'aunin Salsiyas, marar darma kuwa sai wajen 217. Ayan marar saiti yakan wuce haka nesa ya ɗaga layukan fanel. Tunda mai sana'a zai haɗa samfuri daga kowane sabon kaya kafin ya sayar, wannan ba abin yi wa ƙwauro ba ne.

Na uku shi ne na'urar ba da wuta ta kan tebur, wadda ake iya ƙayyade mata iyakar amfiya. Amfaninta shi ne idan an dasa wani sashe a juye, sai ta tsuke wutar maimakon aisi ta ƙone. Tare da ita akwai 'yar na'urar gwajin sassa, mai araha ƙwarai, wadda da an maƙala mata taransista ko dayod ko kafasita take faɗin ko mene ne da kuma ƙimarsa. Da ita ake tace sabon kaya, a ɗebi samfuri daga kowace leda kafin a fara ƙullawa.

Osiloskop shi ne na ƙarshe, ko da yake shi ya fi jan hankalin sabon shiga. Ƙa'idar masana ita ce ya kasance saurinsa ya ninka na igiyar da za a duba kamar sau biyar. Ƙaramin ƙunshin DSO138, mai iyakar kilohaz 200, ya isa ga aikin sauti da agogon aisi 555, amma ba zai yi aikin da ya wuce haka ba. Na tebur, irin Rigol DS1054Z mai megahaz 50 da hanyoyi huɗu, wanda ya fito a 2014 a kan kimanin dala 400, yana iya cinye jarin mai farawa gaba ɗaya. Hikima ita ce a jinkirta shi har ribar sana'a ta saye shi, a nemi aro ko haya kafin nan. Wanda zai sayi na hannu ya tabbata an kunna shi a gabansa, an jona tsinkensa a wurin gwajin da ke jikinsa, ya ga igiya mai kusurwa huɗu ta fito sarai. A kuma kiyaye: a yawancin osiloskop na tebur, maƙalar tsinken a haɗe take da wayar ƙasa ta soket, don haka ɗora ta a kan wutar gida ko ta inbata haɗari ne ga na'ura da mai ita.

Matsala ta biyu: canjin kuɗi

Kusan dukkan sassan nan daga waje ake shigo da su, saboda haka farashinsu da dala yake tafiya ko da a Alaba aka saye su. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sassauta riƙon da yake yi wa farashin naira, inda dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024. A ɗauka wani ya sayo kayan dala 100 a tsohon farashi, wato naira 46,000, ya ɗora ribar kashi 30 cikin 100 ya sayar naira 59,800. A littafinsa ya ci riba. Amma da ya koma sarin kaya a farashin 1,500, kuɗin hannunsa kayan dala 40 kawai za su saya. Jarinsa ya ragu da kashi 60 cikin 100 ba tare da ɓarawo ya shiga shagonsa ba.

Maganin wannan shi ne a yanke farashi bisa abin da za a kashe wajen maye gurbin kaya a yau, ba bisa abin da aka biya jiya ba. A lissafin kuma a sa kuɗin dako da na kwastan, da harajin VAT wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020, da leda da bugun takarda, da man janareta, da sassan da za a zubar bayan gwaji, da lokacin da mai sana'a zai ɓata yana amsa tambayoyin masu saye. Idan kuma ana son dillalai su riƙa ɗauka, to a bar musu nasu rabon tun farko. In mai ƙullawa ya ɗora rabin abin da ya kashe, dillali ma ya ɗora rabi, farashin ƙarshe ya ninka kuɗin kaya sau biyu da kwata. Wanda ya fara sayarwa ƙasa da haka ya rufe wa kansa ƙofar dillalai.

Haka nan ya kamata a fara da ƙunshi iri biyu ko uku masu amfani da sassa iri ɗaya, domin kada jari ya kwanta a cikin akwatuna. A zaɓi sassa masu ƙafa waɗanda ake zurawa a rami, saboda su mai koyo ke iya dasawa. A guji duk ƙunshin da ke jonuwa kai tsaye da wutar gida. Na batir ko na bolt 5 ya fi aminci ga yara. Takardar bayani kuwa a rubuta ta da harshen da mai saye ke ji, da zane, da jerin adadin da mita za ta nuna a kowane wuri idan aiki ya yi daidai. Wannan takarda ita ce abin da ɗan kasuwar waje ba zai iya kawowa ba.

Daga ƙarshe, mai son hulɗa da makarantu ya yi rajistar sunan kasuwancinsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC, domin da wuya makaranta ta biya kuɗi cikin asusun da ba na kasuwanci ba. Idan sana'a ta girma har ana shigo da kaya da yawa, sai a nemi bayanin ƙa'idojin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON tun kafin kaya su iso tashar jirgi. Hausawa na cewa araha ba ta ado. A wannan sana'a ana iya sayen kayan awo masu araha, muddin an san iyakar kowanne, kuma ba a sayar wa kowa ƙunshin da ba a gwada ba.